Amsa ga mai neman dish na mota mai ɗaki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare hanya.

In na fahimce ka, ka sayi mota mai ɗaki da kicin a Ingila, ta hannu, kana son da bazara ka kwashi iyali har da Hajiya ku tsallaka Faransa, ku gangara Sifaniya, in Allah ya nufa ku leƙa Maroko. Mai kanti ya nuna maka dish iri uku: mai kubba, mai miƙewa da kansa ya nemo sigina, da mai ƙafa uku da ake kafawa a ƙasa. Kana tambaya wanne za ka ɗauka, kuma ko zai kamo wa Hajiya tashoshin Hausa.

Kafin in zo Turai saitin dish sana'ata ce a Kaduna, nan ma kuma na daɗe da irin motar taka, don haka zan faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah. Ajiye maganar faranti, wato dish ɗin kansa, tukuna. Ka fara sanin tauraron da tashoshinka suke kai, da kuma inda siginarsa take ƙarewa. Mai kanti da wuya ya fara da wannan, domin shi faranti yake sayarwa.

Taurarin talabijin duk suna jere ne a saman tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, kuma kowanne akwai yankin da aka saita shi a kai. Kamar tocila ne: inda aka haska nan ne haske, da ka fita gefe sai dishi-dishi, ka ƙara gaba sai duhu. Tashoshin Ingila, BBC da ITV da Channel 4, suna kan tauraron Astra na digiri 28.2 gabas, kuma da gangan aka matse haskensu a kan Birtaniya da Ailan saboda haƙƙin mallakar shirye-shirye. A farkon 2014 da BBC ta koma sabon tauraro, Astra 2E, Turawan Ingila da suke zaune a Sifaniya suka wayi gari allo ba komai. Har yau haka abin yake. Daga Calais zuwa arewacin Faransa faranti mai santimita 65 zai riƙe maka su lafiya lau. Mai 85 zai raka ka kudu fiye da haka, amma kana doso duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya hoto zai fara tsinkewa, musamman da yamma ko in hadari ya haɗo. Can kudancin Sifaniya masu gidajen da suka nace sai BBC manyan farantai suke girkewa a ƙasa da siminti, irin waɗanda ko a mafarki ba za su hau rufin mota ba. Saboda haka in wani ya ce maka ga dish na mota da zai ba ka BBC a Malaga, ka yi masa godiya ka wuce.

Sauran taurarin biyu da matafiya suke dogara da su sun fi sauƙin hali. Astra na 19.2 gabas shi ne na Jamusawa, ARD da ZDF da ire-irensu kyauta, kuma haskensa ya baje kusan duk Turai. Hotbird na 13 gabas shi ne kasuwar kowa da kowa: Italiya, Poland, da tashoshin Larabawa masu yawa, har da Al Jazeera. In ka isa Maroko kuwa za ka ga farantan gidaje suna kallon Nilesat na digiri 7 yamma, wanda muka sani tun a gida. Na'urorin da suke nema da kansu suna zuwa da jerin taurarin da suka sani a cikin ƙwaƙwalwarsu, kuma ba kowacce ke da Nilesat ba. Ka sa a nuna maka jerin kafin kuɗi su bar hannunka.

Yanzu maganar Hajiya, wadda na san ita ce ta fi damunka ko da ka sa ta a ƙarshe. DStv da irin hasken da aka saita a kan Afirka ta Yamma ba sa isowa Ingila ko Faransa, ko da ka ɗauko dikodarka daga Kano da kuɗin wata a kai. Ba laifin faranti ba ne, ba a hasko nan ba ne kawai. Arewa24 da wa'azin malamai da labaran BBC Hausa, DW da RFI, duk ta intanet za ku same su. Don haka rabin kuɗin da ka ware, ni da ni ne, da na mayar da shi kan ƙaramar na'urar intanet mai cin layin waya, da eriyarta a rufi, da layi mai data da yawa. Ka bincika ƙa'idar layin naka da kyau, domin tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai kamfanoni da dama sun dawo da cajin yawo, wato ƙarin kuɗin amfani da layi a wata ƙasa, wasu kuma suna yanke data a wani adadi. Sau da yawa ya fi araha ka sayi layin ƙasar da ka shiga. A Maroko ma dole ne, in ba so kake ka dawo ka tarar da bil mai sa hawan jini ba.

To in haka ne me ya sa har yanzu nake da faranti a kan tawa? Saboda zango. Wuraren da suka fi daɗin kwana, bakin teku ko cikin kwari, su ne wuraren da sigina ta waya take rarrafe, kuma da ƙarfe takwas na dare in kowa a zangon ya buɗe wayarsa, ko labarai ba za ka kalla ba sai da tsaitsayawa. Tauraro bai damu da yawan mutane ba, kuma ba ya cin data.

Mai kubba shi ne zan fara cire maka. Yana da kyau a ido, iska ba ta damunsa, wasu ma suna aiki mota tana tafiya, yara na kallo a baya. Amma farantin da ke cikin kubbar ƙarami ne ƙwarai, ga raɓa da ruwan sama suna kwanciya a jikinta su rage sigina. Ga wanda ba ya fita Ingila ya wadatar. Kai da ka nufi kudu, shi zai fara barinka a hanya. Kuma ba ya kwanciya, kullum yana tsaye a rufi, ya ƙara wa motar tsawo. A manyan titunan kuɗi na Faransa mota mai tsawon ƙasa da mita 3 ajinta daban, in na'urar ƙofa ta auna ka kai 3 sai ta jefa ka ajin manyan motoci, ka tsaya kana danna maɓalli kana bayani da Faransancin da ba ka da shi, layi ya taru a bayanka.

Mai miƙewa da kansa shi ne na jin daɗi. Ka yi fakin, ka danna rimot, ka ji shi a sama yana gurnani yana juyawa, kafin ruwan shayi ya tafasa hoto ya fito. Oyster na Jamus, Teleco na Italiya, Alden na Faransa, su ne sunayen da za ka fi gani a rufin mutane. Akwai kuma masu faɗi kamar allo, irin Selfsat Snipe, marasa nauyi da cin wuri, amma ƙarfinsu bai kai na babban faranti ba. Sabon mai 85 na kamfani mai suna, da kuɗin ɗaurawa, ka shirya fam dubu biyu zuwa sama. In za ka saya, ka sayi 85, kada ka tsaya a 65 don ragin 'yan ɗaruruwa. Kuma ka nemi wanda yake murɗa LNB da kansa, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti mai karɓar sigina. Wannan murɗawar ita ce mutane suke rainawa. Kana matsawa yamma ko kudu, kusurwar da sigina take shigowa tana karkacewa, sai an juya kan LNB ɗin kaɗan ya dace da ita. A Ingila ba za ka lura ba. A Fotugal ko kudancin Sifaniya ita ce tsakanin hoto da babu. In na'urar ba ta yi da kanta, kai ne za ka hau tsani da sukudireba a tsakar rana.

Abubuwan da ba a rubuta a kwali ba su ne waɗannan. Nauyin mai miƙewa da kansa ya haura kilo goma, kuma in lasinka na ƙananan motoci ne, iyakarka kilo 3,500 da komai da komai: ruwa, gas, mutane, buhun shinkafa da tukwanen uwargida. Irin motocin nan da ma ba su da rara sosai, ka je sikeli ka auna kafin ka ƙara kaya. Sai an huda rufi, kuma rufin da ba a like da gam mai kyau ba zai yi yoyo a ɓoye har katakon ciki ya ruɓe, saboda haka wannan ba aikin gwaji ba ne, ka ba wanda ya saba. Ka tabbatar an haɗa wayar da take sa farantin ya kwanta da kansa da zarar an tada inji. Na taɓa ganin wanda aka fasa masa nasa a ƙofar wani zango, reshen bishiya ya tsinke shi ya bar wayoyi suna reto. In kana da sola a rufi, a duba kada farantin ya miƙe ya yi mata inuwa. In iska ta taso da dare, ka kwantar da shi kafin ka kwanta.

Sai bishiya. Mu da muka koyi aiki a Arewa mun saba faranti yana kallon sama sosai, a Kano Nilesat ya haura digiri 60, ko a tsakar gida mai katanga ka kafa zai kama. Nan ba haka ba ne. A Landan Astra 28.2 yana wajen digiri 25 ne kacal daga ƙasa, a arewacin Scotland bai kai 20 ba. Ma'ana bishiya mai mita 10 a kudu maso gabashinka, sai ka ba ta fiye da mita 20. Ga shi kuma a zafin Sifaniya kowa inuwa yake nema. Farantin da ke rufi ba ya barin mota, ko dai inuwa ko kallo. Nan ne mai ƙafa uku yake cin kasuwarsa: mota tana ƙarƙashin bishiya, faranti yana can fili da doguwar waya. Na sha ganin mai Oyster na dubban kuɗi yana ja da baya yana gaba a zango yana neman kafa tsakanin rassa, maƙwabcinsa mai farantin da bai kai fam ɗari biyu ba yana zaune yana kallon ƙwallo.

Wahalar mai ƙafa uku ita ce saiti, da wurin ajiya, da kuma sai ka danne ƙafafun da jarkar ruwa ko ka kafe su da turaku. Amma saitin ba wani abu ba ne. Manhajar waya za ta nuna maka inda tauraron yake, ka sayi ɗan mita mai nuna sunan tauraro, ba mai ƙara kawai ba, domin mai ƙara zai yi maka ihu a kan Hotbird kana zaton Astra ne. Ka riƙa juyawa a hankali ƙwarai, kana ɗan dakatawa, saboda risiba tana jinkirin nuna sigina. Kuma faranti na zamani yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa take nunawa, a Ingila za ka gan shi kusan a tsaye, kada ka ce sai ka kwantar da shi irin na gida.

Tunda motar ta hannu ce, ka duba talabijin ɗin da ke ciki. In tsohuwa ce wadda ba ta kama HD, ta zama ado: BBC ta rufe tsofaffin tashoshinta na tauraro marasa HD a Janairun 2024, ARD ta bi baya a Janairun 2025. Ka samu mai aiki da batir na bolt 12 kai tsaye, mai risibar tauraro a cikinta, ka huta da inbata. Akwatin Sky Q na gida kuma, wato dikodar kamfanin Sky, kada ka ɗauko, irin LNB ɗinsa daban ne da wanda yake zuwa da farantan mota. Haka in za ka sayi mai miƙewa na hannu, ka tambaya ko har yanzu kamfanin yana sabunta manhajarsa, domin in an canza mitar da yake gane tauraro da ita, zai yi ta juyi a rufi har batir ya gaji bai tsaya ba.

Shawarata a tafiyar bana: kada ka huda rufi. Ka ɗauki mai ƙafa uku, santimita 80, da waya mita 20, da ɗan mita mai nuna tauraro, ka sa sauran kuɗin a intanet saboda Hajiya. In kun dawo ka ga ana kunna talabijin kowane dare kuma kafawa da naɗewa sun ishe ka, lokacin ka sayi mai 85 mai murɗa LNB, ka bar mai ƙafa ukun a but don ranar bishiya. Ka turo mana tsawon motar da nauyin da aka rubuta a farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa, da sunan talabijin ɗin, in duba maka ko za ta yi.