Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ƙwayar Tarin Fuka Ke Ɓuya a Jiki

Tambaya: Likita, maigidana ya yi tarin fuka, ɗaki ɗaya muke kwana, amma ni ko tari ban yi ba. Na tsira ke nan? (Wata uwargida daga Gusau)

Amsa: Hajiya, ba lallai ba ne. Idan aka shaƙi ƙwayar, takan gangara can cikin huhu, inda wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna makirofej ke haɗiye ta. Aikinsu narkar da duk abin da suka haɗiye. To ita wannan ƙwaya tana da rufin kitse mai kauri, kuma takan hana sinadarin narkarwar isowa inda take. Sai ta yi zamanta a cikin wanda aka turo ya kashe ta, har ta hayayyafa. Da jiki ya ga abin ya gagara, sai ya tara ƙwayoyin garkuwa su kewaye ta kamar katanga. A haka takan yi shekaru shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ta, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ciwon ke tasowa a kansu. Ki je a duba ki, ki tafi da yaran, musamman 'yan ƙasa da shekara 5.

Tambaya: Me ke tayar da ita? (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malam, duk abin da ya raunana katangar: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon suga, yunwa, tsufa.

Tambaya: Na sha magani wata biyu, tarin ya tsaya, ƙibata ta dawo. Zan iya dainawa? Fitsarina ma ya koma ja. (Wani direba daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kuskura. Jan fitsarin aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan da kake sha, ba jini ba ne. Ƙwayar nan a hankali take rayuwa, takan kai awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, kuma waɗanda suka lafe a cikin katangar ba sa mutuwa da wuri. Shi ya sa ake shan magani huɗu na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu. Idan ka tsaya yanzu, ragowar za su farfaɗo, wataƙila ma su daina jin maganin. Ba kuɗi ake biya ba a asibitocin gwamnati, ka cika wata shidanka.