Amsa Ga Yarona Kan Takardar Tarar Da Ta Biyo Shi Daga Faransa

Yarona, saƙonka ya iso, kuma na duba hoton takardar da ka haɗo da shi. Ka ce a aikin da aka tura ka Turai ka ɗauki motar haya a Faransa, ka tsallaka da ita Italiya, bayan ka dawo sai kamfanin hayar ya ciri wasu kuɗi daga katinka, daga baya kuma ga takarda tana cewa ka yi gudun wuce ƙa'ida. Kana tambaya ko kuɗin da aka cira sun biya tarar, idan kuma ba su biya ba, ko akwai abin da zai tilasta maka biyan ƙasar da ba ka zaune a cikinta, tun da abokanka sun ce ka yaga takardar ka manta da ita.

Kuɗin da kamfanin ya cira ba su ne tarar ba, kuma nan ne direbobi da yawa suke ruɗewa. Kyamarar da ke bakin hanya lambar mota ta sani, ba ta san wanda ke riƙe da sitiyari ba. A Faransa hotunan da kyamarori suka ɗauka suna tafiya wata cibiya da ke birnin Rennes, hukumar da ake kira ANTAI ta nemo mai motar, ta aika masa da takarda. Mai motar a nan shi ne kamfanin haya, shi kuwa ba zai ɗauki laifin da bai yi ba, sai ya buɗe takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ya miƙa wa hukuma sunanka da adireshinka da lambar lasisinka. Tun daga farkon 2017 doka ta wajabta wa kowane kamfani a Faransa ya bayyana direban da ke tuƙa motarsa cikin kwana 45, in ya ƙi a ci shi tasa tarar daban. Ladan wannan aikin ofis ne aka cira daga katinka, kuma in ka koma ga yarjejeniyar za ka same shi a rubuce cikin ƙananan layukan da ba a cika karantawa ba. Tarar kanta tana nan tana jiran ka.

To, mu dubi takardar tare. Za ka ga lambobi uku kusa da juna: 50, da 63, da 58. Na farko shi ne iyakar gudu a wurin, na biyu abin da na'ura ta auna, na uku kuma abin da aka riƙe a kanka bayan an yi maka ragi. Faransawa suna cire kilomita 5 daga abin da kafaffiyar kyamara ta auna idan gudun bai kai 100 ba, idan ya haura haka su cire kashi 5 cikin ɗari, saboda na'ura ma tana iya kuskure. Kada ka ɗauki wannan ragin a matsayin ƙarin gudun da aka yafe maka, domin wanda ya saba tafiya a kan ragin, ranar da gangara ta ɗan ja motar, ya faɗa. Laifinka dai ƙarin kilomita 8 ne a cikin gari, kuma tararsa yuro 135 ce. Amma takardar tana ɗauke da farashi uku: wanda ya biya da wuri yuro 90 zai biya, wanda ya biya cikin wa'adi 135, wanda ya bari wa'adi ya wuce kuwa sai ta koma 375. Mazaunin Faransa yana da kwana 15 na rangwame da kwana 45 na cikakken wa'adi, ana ƙara masa kwana 15 a kan kowanne idan ta intanet zai biya, wanda adireshinsa yake ƙasar waje kuma ana ƙara masa wata guda. Abin lura shi ne lissafin yana farawa daga ranar da aka buga a kan takardar, ba daga ranar da ta iso hannunka ba, kuma gidan waya ya riga ya cinye maka wani ɓangare na kwanakin.

Na san za ka ce ba ka ga allon da aka rubuta 50 ba, kuma zan yarda da kai, domin mai yiwuwa babu shi. A Faransa farin allo mai jan gefe da ke ɗauke da sunan gari shi ne allon gudun: da ka wuce shi, iyakarka 50 ce har sai ka ga sunan garin an ja masa jan layi a karkace. A Jamus allon rawaya ne, amma hukuncin ɗaya ne. Baƙon direba yana shigowa daga hanyar da ake 80, idonsa yana neman lamba a cikin da'ira, ƙafarsa tana kan totur, kafin ya farga wuta ta walƙa. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Babbar hanyar Faransa 130 ce, amma da ruwa ya sauko ta koma 110 ba tare da an canza allo ba. Holan ta mayar da yawancin manyan hanyoyinta 100 da rana tun 2020, Sifen kuma ta sa 30 a titunan cikin gari masu layi ɗaya tun 2021. A Ingila da Amurka da mil ake rubutawa, mil 70 kuma kusan kilomita 113 ne, don haka ka fara duban malejin motar da aka ba ka kafin ka sa giya.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka tabbatar takardar ta gaske ce, domin 'yan damfara sun gane cewa baƙo mai jin tsoron hukuma yana saurin biya. Ka ɗauko yarjejeniyar hayar ka gwada: lambar motar ta yi daidai, ranar da sa'ar sun faɗo cikin lokacin da motar take hannunka, wurin kuma hanyar da ka bi ce? Takardar gaske tana da lambar shaida da lambar biya, kuma da su za ka shiga shafin gwamnati na amendes.gouv.fr, wanda za ka rubuta adireshinsa da hannunka. Saƙon waya da ke cewa ka latsa nan ka biya kafin gobe, ka share shi kawai.

Idan komai ya yi daidai, shawarata ita ce ka biya yanzu da katinka, tun farashin yana ƙasa, ka ajiye rasidin a waya da kuma a takarda. Sai dai ka sani cewa a dokarsu biya amsa laifi ne, wanda ya biya ya rufe wa kansa ƙofar ƙorafi. Ƙorafi yana da muhallinsa: idan ba kai ke tuƙi ba a lokacin, ko an riga an mayar da motar, ko lambar ba ta motarka ba ce. Wanda yake so ya musanta awon na'urar kansa kuwa, galibi sai ya ajiye kuɗin jingina daidai da tarar kafin a saurare shi, kuma rashin ganin allo ko rashin sanin doka ba hujja ba ce a gaban alƙali. A kan yuro 90, ban ga hikimar ɗaukar lauya a ƙasar da ba ka jin harshenta ba.

Yanzu ga maganar abokanka, kuma ba zan ce maka duk ƙarya suka faɗa ba. Ƙasashen Tarayyar Turai suna musayar bayanan masu motoci a tsakaninsu ƙarƙashin wata doka ta 2015, akwai kuma yarjejeniyar 2005 da ta ba ƙasa damar karɓar tara a madadin 'yar'uwarta idan kuɗin sun kai yuro 70. Wanda yake zaune a wajen wannan da'ira, da wuya wani jami'i ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a kan tarar gudu, wannan gaskiya ne. Amma abokanka suna magana ne kamar mutanen da suka je yawon buɗe ido sau ɗaya ba za su koma ba, kai kuwa tuƙi ne abincinka. Bashin yana rubuce da sunanka da lambar lasisinka, yana ƙaruwa, kuma ranar da za a tuna da shi ita ce ranar da aka tsayar da kai da fasinja ko da kaya a baya. A Holan, tarar da ba a biya ba ana ƙara mata rabi, a karo na biyu a ninka, kuma jami'an filin jirgin Schiphol suna iya tsayar da matafiyi ya biya kafin ya wuce. Ƙananan hukumomin Italiya da dama kan miƙa irin wannan bashi ga kamfanonin karɓar bashi, waɗanda suke bin mutum da wasiƙu har ƙasarsa tare da nasu ladan a kai. Kamfanin da ya tura ka ma, idan takarda ta biyu ta faɗo a teburinsa da 375 a jiki, ba kai zai sake turawa ba.

Duk wannan a kan ƙaramin laifi ne da kyamara ta kama. Idan 'yan sanda ne suka tsayar da kai ido da ido, lamarin ya sha bamban, domin a Faransa da Italiya da Sifen direban da ba shi da mazauni a ƙasar ana iya neman ya biya nan take ko ya ajiye jingina, in ba shi da su a riƙe motar. Ka nemi rasidi mai tambarin hukuma, kuma kada ka kuskura ka miƙa wani abu a dunƙule da sunan a sasanta, domin wannan shi ke mayar da tarar hanya ta zama shari'ar cin hanci. Wanda ya haura iyaka da kilomita 40 a Faransa, a wurin ake karɓe masa lasisi, sai dai wani ya zo ya ja motar. Suwizalan ta fi kowa tsanani, babban gudu a can laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma kotu tana auna tara da samun mutum. Haka ma Finlan, inda a 2002 aka yanke wa wani babban jami'in kamfanin Nokia yuro 116,000 saboda ya yi 75 a kan babur a wurin da ake 50. Na'urar gano kyamara kuma haramun ce a Faransa, tararta tana kai yuro 1,500, Jamus ta hana direba amfani da manhajar waya mai gargaɗin kyamara, don haka kada wani ya sayar maka da wannan dabarar.

Idan aiki ya kai ka ƙasashen Larabawa, can ba a jiran gidan waya. Saudiyya tana da tsarin kyamarori mai suna Saher tun 2010, saƙo yana shigowa waya, a duba ta manhajar gwamnati mai suna Absher a biya ta banki. A Daular Larabawa kuma akwai wani tarko: Dubai tana barin rarar kilomita 20 a kan abin da allo ya nuna a yawancin hanyoyi, Abu Dabi kuwa ta soke wannan rarar a 2018, saboda haka gudun da ya wuce lafiya a wannan gefen yana jawo tara da zarar ka shiga wancan.

Ranar da za ka koma kan tirela, ka san cewa shaidar tana cikin motar da kanta. Manyan motocin kaya a Turai an ɗaure injinsu kada su wuce 90, a Jamus ma 80 aka yarda musu a babbar hanya duk da labarin da ake yi cewa hanyoyinta ba su da iyaka, kuma na'urar cikin mota da ake kira takogiraf tana rubuta gudu da sa'o'in tuƙi, jami'i yana da ikon duba katin direba na kwana 56 da suka wuce. Tun kafin ka tashi ka yi magana da mai motar a fili kan wanda zai ɗauki wace tara. A sana'armu abin da aka sani shi ne tarar taya da birki da takardun mota da lodin da ya wuce kima ta mai mota ce, tarar gudu kuwa ta ƙafar da ta taka totur ce, ko da manaja ne ya matsa maka da waya cewa kaya su isa kafin asuba.

Abu na ƙarshe da nake so ka shirya masa shi ne Italiya, domin ka ce ka bi babbar hanyarta da sauri don ka mayar da motar a kan lokaci. A can akwai tsarin da suke kira Tutor, wanda ba ya auna gudunka a wuri ɗaya: yana ɗaukar lambarka a wata gada, ya sake ɗauka a wata, ya raba nisan da lokacin. Tazarar kilomita 13 a gudun 130 minti 6 ce, wanda ya cinye ta a minti 5 ya yi 156, ko da ya taka birki a ƙarƙashin kowace kyamara. Ga kuma unguwannin tsakiyar birane masu alamar ZTL, inda shiga kawai ba tare da izini ba tara ce, kuma kowace shiga da tata. Dokar Italiya ta ba hukuma kwana 360 ta sanar da wanda yake zaune a waje, saboda haka shirun da ka ji zuwa yanzu ba ya nufin ka tsira. Idan takardar ta zo, a yawancin laifuka akwai ragin kashi 30 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 5 da karɓarta, cikakken wa'adin kuma kwana 60 ne, don haka ka rubuta ranar da ka karɓa a bayan ambulan, ka ajiye ambulan ɗin kansa. Ka bar yarjejeniyar hayar da tikitin jirginka da rasidin Faransa a wuri ɗaya, ka riƙa duba bayanan katinka, domin wani sabon cirin ladan ofis daga kamfanin hayar shi ne alamar farko cewa wata takardar tana hanya.