Amsa: Ta ina ƙaramin kamfani a Jos zai samu kuɗin binciken tsaro?

Malam, ka ce kamfaninku na haɗa na'urar gargaɗi don ƙauyuka, kana tambayar ko TETFund, wato hukumar asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, za ta ba ku tallafi kai tsaye. A'a. Kuɗin asusunta na bincike na malaman manyan makarantun gwamnati ne, don haka sai dai ku shiga ta hannun wani malami, shi ya jagoranci aikin.

Ka nemi wanda ya taɓa cin tallafin a Jami'ar Jos. Ana fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a nemi cikakken tsari, sannan a kira ku ku kare shi. Yawanci a matakin farko ake faɗuwa, saboda mutane kan rubuta "matsalar tsaro a Najeriya" gaba ɗayanta. Ku ɗauki abu guda, kamar satar shanu a Barkin Ladi, ku nuna yadda za a gwada na'urar a can. Kuma tun yanzu ku rubuta yarjejeniya kan wa zai mallaki fasahar, kafin kuɗi su shigo zumunci ya ɓaci.

Ɓangaren soja kuwa, akwai DICON, hukumar ƙera kayan tsaro ta gwamnatin tarayya da ke Kaduna, da za ku iya tuntuɓa, amma sai takardunku na CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, da na haraji sun cika.