Tambayoyinku: Jan kumatu na man kaɗanya da zoɓo

Tambaya: Anti, duk jan kumatun da na saya a kanti sai ya fesa min ƙuraje. Ko akwai wanda zan haɗa da kaina a gida? Daga wata ɗiyarki a Zariya.

Amsa: Akwai, 'yata, kuma ni ma shi nake shafawa. Ki samu man kaɗanya cokalin shayi 2, kakin zuma rabin cokali, da busasshen zoɓo mai duhun ja.

Wahalar duk a zoɓon take. Launinsa a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai, don haka sai kin daka shi ya yi lukui, kin tankaɗe da ƙyalle mai laushi har sau biyu. Haɗina na farko da rariya kawai na tankaɗe, sai na ji shi kamar yashi a kumatuna, na zubar.

Ki ɗora ƙaramin kwano a kan ruwan zafi, man da kakin su narke. Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sauke, ki zuba garin cokali 1, ki yi ta juyawa har ya fara daskarewa, in ba haka ba garin zai kwanta a ƙasa. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga, don zai yi fumfuna.

Tunda fatarki mai saurin ƙuraje ce, don Allah ki fara shafa kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana ɗaya. Lokacin bazara ki ajiye shi a firji.