Kek ɗin cuku da lafiyar jiki: yaya za a rage masa maiƙo da zaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan yin kek ɗin cuku, wanda ake kira cizkek, saboda iyalina suna sonsa, sai ga shi likita ya ce maigidana ya rage zaƙi da maiƙo. Tunda da madara da ƙwai ake yinsa, bai fi sauran kek amfani ga jiki ba? Kuma akwai yadda zan rage masa nauyi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Gaskiya ne akwai furotin da kalsiyam a cikinsa, amma kaɗan ne idan aka auna su da kitsen da sukarin da suka biyo su. Cukun da ake yinsa da shi, irin su Philadelphia, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kitse ne, sannan a ƙara masa sukari, a shimfiɗa masa dakakken biskit da aka kwaɓa da narkakken bota. Yanka mai nauyin giram 100 yana ɗauke da kalori kusan 320, da sukari wajen ƙaramin cokali 5, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in so samu ne ma ya tsaya a 6. Kitsen kuwa kusan rabinsa irin mai daskarewa ne, wanda ke ɗaga kolestarol a jini.

Babban gyaran yana wajen cukun, kuma ba sai kin nemi wani abu daga waje ba. Ki sami kindirmo mai kauri wanda aka tafasa madararsa kafin a ɗaura shi, ki zuba a farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗora a kan rariya cikin firij ya kwana. Da safe za ki tarar ruwan ya tsane a kwanon ƙasa, abin da ya rage a ƙyallen kuma ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Da wannan za ki maye gurbin rabin cukun. Ba na ba da shawarar a cire cukun gaba ɗaya, domin kek ɗin kan fito da tsami, kuma yana tsatsar ruwa idan aka yanka shi. Ki ƙara babban cokali ɗaya na garin kwanfulawa don ya riƙe jikinsa.

Sukarin za ki iya rage kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da kowa ya lura ba, musamman idan kin kankare bawon lemon tsami a ciki. Masu musanya sukari da zuma ko dakakken dabino suna jin kamar sun tsira, amma ga mai ciwon suga duk zaƙi ne, jininsa zai nuna. Shimfiɗar biskit kuma ki yi ta siririya, ko ki bar ta gaba ɗaya.

Irin wannan kwaɓin ya fi saurin tsagewa, saboda haka ki gasa shi a hankali a zafin digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, kwanon yana zaune cikin faranti mai ruwan zafi, ki kashe wuta tun tsakiyarsa tana ɗan rawa idan kin girgiza, ki bar shi ya huce kafin ya shiga firij na aƙalla awa 6. Kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin bazara kuwa awa 1, kuma idan wuta ta daɗe a ɗauke har firij ya huce, a haƙura da shi.

Game da maigida, ki yanka kek ɗin gida 16 maimakon 8, ki ba shi ɗaya bayan ya ci abinci, da 'yan yankan gwanda a gefe, ba kullum ba. Idan ciwon suga ne ya sa likita ya yi masa wannan gargaɗin, ya auna jininsa awa 2 bayan ya ci, ya kai wa likitan sakamakon.