Bututun kamo iska: amsa ga ƙanena mai Golf

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka ga wani bidiyo inda aka fito da bututun iskar injin ta gaban mota, wanda ake kira ram eya, wai in tana gudu iska za ta riƙa cusa kanta ciki ƙarfi ya ƙaru, kana son yi wa Golf 3 ɗinka da kuma babur Boxer ta ƙaninka.

Maganar tana da tushe, ba ƙarya ba ce. Injin iska yake sha ya haɗa da mai, in ka ƙara masa iska ka ƙara mai daidai da ita, zai ƙara ƙarfi. Kamfanin Pontiac na Amurka ya sa wa motarsa GTO irin wannan tun shekarun 1960, Kawasaki kuma suka sa wa babur ɗinsu ZZR1100 a 1990. Sai dai tambayi gudun da ake yi kafin abin ya yi aiki. In kana kilomita 100 a awa, matsin da iskar gaba ke ƙarawa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A 200 ya kusa kashi 2, a 300 wajen kashi 4, domin duk ka ninka gudu sau biyu matsin sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa Ninja H2R, babur ɗin Kawasaki da aka ƙera don filin tsere, ke tashi daga ƙarfin doki 310 zuwa 326 in iska ta cika ta. To kai ina za ka taka 300? Tsakanin Katsina da Daura ga Mashi, ga shingen jami'ai, ga awaki, in ka riƙe 120 na minti biyar ka gode wa Allah. Ita Boxer kuwa dokinta wajen 8 ne gaba ɗaya, abin da za ta samu a gudun 80 ko na'ura da ƙyar ta gani.

Ni ma na yi wannan wautar ina yaron gareji. Na cire eya kilinar Jincheng ɗina, na samo tiyo mai kauri na ɗaura a bakin kafireto da ƙyauron roba, na miƙo shi ƙarƙashin fitila. Da na murɗa totur sai ta ɗauki wani gurnani, na ce shi ke nan, na gama da 'yan unguwarmu. Ashe ƙara ce kawai. In na sake ta a titi sai ta riƙa shaƙewa tana cijewa, fulogi in na kwance fari fat, alamar iska ta rinjayi mai. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mini dalili: in ka matsa iska a bakin kafireto ba ka kai irin wannan matsin cikin kofin mai na kafireton ba, man ba zai hau yadda ya kamata ba. Masu ƙera manyan baburan sai da suka ja wa kofin nasa ɗan tiyo daban. Ban ji ba, na canza jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a kafireto, na ci gaba. Hunturu ɗaya ta yi. Da muka buɗe, na shafa yatsa cikin silinda na ji zane-zane kamar an bi da sanfefa, ringi ya cinye, tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Ƙurar nan tamu yashi ce, kuma kai tsaye na riƙa ɗura mata.

Abin da ke da ɗan amfani a mota shi ne sanyin iskar, ba tunkuɗarta ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, duk digiri 10 da ta sauka tana ƙara cika da kamar kashi 3 cikin 100. A watan Afrilu waje ma ya haura 40, balle ƙarƙashin bonet. Amma buɗe Golf ɗinka ka duba, masu ƙera ta sun riga sun sa akwatin filtar yana jan iska daga gaba. Waɗanda ke cire shi su ɗaura ƙwallon filta mai launi kusa da injin, iskar zafi suke ba shi, baya suka ci. In kuma ka sauke bututun ƙasa wajen bamba, ranar da ruwan Agusta ya cika titi zai zuƙe shi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai dai kwanrod ya lanƙwashe.

In motar ta yi maka nauyi, fara da filtar da ke ciki. Rabin waɗanda ke zuwa mini da wannan kukan, in na ciro ta na buga a ƙasa sai ka ga tulin jar ƙasa. Canza ta, duba fulogi, a wanke nozul, a ga ko salansa ta toshe, a gwada iskar taya. Kawo ta ranar Asabar da safe in duba maka, zan ma nuna maka tiyon nawa, yana nan rataye, da shi yara ke zuba wa lagireto ruwa.