Tambaya da Amsa: Shirin Tafiya Hostal, Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an kuma ba ta gado a Amina Hall. Ita ce ta farko da za ta bar gida a 'ya'yana. Maƙwabciyata ta rubuto mini jerin kaya shafi guda, har da ƙaramin firji da butar lantarki. Ni kuwa abin hannuna ba yawa. Da me zan fara? (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka. Ki ninke wannan takardar ki ajiye tukuna, ai ba gidan miji za a kai ta ba balle a yi mata jere. Abin da ta mallaka a ɗakin nan gado ɗaya ne da ƙarƙashinsa, sai ɗan wurin rataye kaya. Ki bari ta ga ɗakin da idonta. Kasuwar Samaru na nan kusa da makarantar, duk abin da aka rasa za a same shi can.

Inda ba na so ki yi tsimi shi ne katifa. Ki saya mata sabuwa, ta mutum ɗaya, bayan an auna gadon. Ɗalibai masu kammala karatu kan sayar da tasu da araha, amma arha ba ta ado. Kuɗin cizo a cikin ɗinkin katifa yake ɓuya, yana iya yin watanni bai sha jini ba kuma yana raye. Ko gadon da za ta hau, ta haska lungunansa da tocilan: in ta ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an yarfa tawada, ta sanar da masu kula da ɗakunan. Kada ta fesa fiya-fiya a ɗakin da mutane ke kwana.

Daga nan sai gidan sauro, da kwaɗon kulle guda biyu masu ƙarfi, da silifas na roba da ba za su wuce banɗaki ba, da bokiti biyu, ɗaya mai murfi. Jarka kuwa ki sayi mai lita 10. Mai lita 25 in ta cika kilo 25 ke nan, ki ƙaddara a bene take. Kada a manta bargo da rigar sanyi, don hunturun Zariya a Disamba da Janairu ba ya wasa.

Firji a bar shi a kanti. Butar lantarki ma haka: tana jan wuta wat 1,500 zuwa 2,000, wayar jona wuta ta araha narkewa take yi, shi ya sa makarantu da dama suka hana irin waɗannan kaya. Ko risho ko ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, ta fara tambayar dokar wurin kafin ki fid da kuɗinki. Gara ki sa kuɗin a fitila mai caji da fawa banki, wato batirin da ake cajin waya da shi. Mai ƙarfin mAh 20,000 na gaske zai cika wayar zamani kamar sau biyu da rabi, ba sau huɗun da mai shago zai rantse miki ba.

Ki haɗa mata garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa da kuka. Ki sa da ɗan yawa, saboda kwanon hostal ba a cin sa mutum ɗaya, kuma a bakinsa ake samun ƙawaye.

Tambaya: Ban samu gado ba. Wani ɗan aji uku ya ce zai sayar mini da nasa. In biya? (Sabon ɗalibi daga Kano)

Amsa: A'a, ƙanena. Sunansa ne a rajistar makaranta, ba naka ba. Ranar da aka zo bincike kai ne baƙo a ɗakin, kuma ba ka da takardar da za ka nuna balle ka nemi kuɗinka. Ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambaya ko akwai gadajen da masu su ba su biya ba. In babu, ku haɗu ku biyu ko uku ku kama ɗaki a waje. Kafin ku ba da ko sisi, ku je unguwar bayan magariba, ku ga hanya, ku tambayi maƙwabta inda suke ɗebo ruwa.